Lambar Jikin Tagulla

Ɗanliti ne ya turo shi da hantsi,
babur mai ƙafa huɗu, jajir,
tayoyinsa ɗauke da taɓon gonar shinkafa.
Ya ce maigidansa ya gaji:
a murɗa totur ya yi tari,
a sake shi ya mutu,
man sati guda a kwana biyu yake shanyewa.

Na ce Lurwanu ya kwanto fulogi.
Baƙi ƙirin, sai ka ce gindin kaskon ƙosai.
Shekara talatin da ɗaya a Ƙofar Ruwa,
hancina kaɗai ya isa shaida:
mai ya yi yawa, iska ta gaza,
dabba na cin abin da ba ta iya narkarwa.

Muka rufe mai, muka zare tiyo,
kafireto ya sauko tafin hannu.
Kusoshi huɗu, ɗaya ta cinye kai,
sai da guduma ta yi mata magana.
Kwanon ƙasa ya buɗe:
fetur mai launin shayin jiya,
tsatsa kwance kamar garin yaji,
da wari mai sa ido rufewa.

Ga su nan, jet biyu, ƙarami da babba,
ko ƙwayar gyaɗa ba su kai ba.
Duk gurnanin nan, duk tsallen kunya-kunya,
ta wannan huda yake wucewa.

Yaron ya ɗauko allura. Na buge hannunsa.
Wanke da fetur, hura da iska,
ƙofar da ka faɗaɗa da ƙarfe
ba ta sake tsukewa.

Na ce masa, inda aka ƙera injin nan
sanyi ne, iskarsu kauri gare ta.
Tamu ta bazara kuwa, rana ta tsinka ta
kamar kokon da aka ƙara wa ruwa.
Hudar da ta yi daidai a can, a nan ta yi faɗi.
Mu sauka mataki ɗaya,
ba a yi wa baƙo tuwon da ya fi cikinsa.
Ya gyaɗa kai, yana ganewa.

Sai na ɗaga babban jet zuwa haske
in karanta lambar jikinsa.
Na matso da shi. Na nesanta.
Na goge da bakin riga.
Na fito daga rumfa, na tsaya a rana tsaka.
Lambobi uku, na san suna nan,
ni na koya wa rabin layin nan karanta su,
amma yau sun zama tururuwa uku
suna ta narkewa.

Mai rake ya wuce da baro.
Wani yana dukan bodi a bayan rumfa.
Lurwanu bai ce komai ba.
Ya miƙo hannu kamar mai karɓar canji,
ya duba sau ɗaya:
ɗari da talatin da biyu, Baba.
Ya buɗe gwangwanin madara,
ya tono ɗari da talatin,
ya ɗaura a hankali, bai matse ya karya ba,
ni ina riƙe da kwano, ina dubawa.

Bugu ɗaya ya tashi.
Ɗanliti ya zaga layin 'yan rodi sau uku,
ba tari, ba baƙin hayaƙi.
Muka sake kwanto fulogi:
launin soyayyar gyaɗa.
Ya ce, hannunka dai, Malam Tsalha!
Na karɓi kuɗin, na kasa amsawa.

Da la'asar na raba biyu, na ba yaron rabi.
Tsohon jet yana aljihuna.
Bayan sallah na fito da shi, na kai ido:
hudar tana nan, zagayayya, tas,
haske ɗan mitsitsi yana shigowa.